Kimiyyar Kare Fentin Mota: Wanki da Shafa Kaki

Gabatarwa

Wanda ya tsaya a bakin titi a Kano ko Maraɗi zai iya ganin motoci biyu iri ɗaya, waɗanda aka ƙera a shekara ɗaya, amma ɗaya tana sheƙi kamar madubi, ɗayar kuwa ta koɗe, har tsatsa ta fara cin gindin ƙofofinta. Sau da yawa abin da ya raba su shi ne yadda ake wanke su da yadda ake goge su. Babban aikin fenti shi ne shiga tsakanin ƙarfe da iska. Idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin da danshi sai ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa ɓarɓashi take yi ta zube, ta buɗe sabon ƙarfe, a haka har ta huda jikin mota. Saboda haka duk wanda ya kare fenti, ƙarfen motarsa ya kare. Wannan darasi zai bayyana yadda fentin yake, da abubuwan da ke lalata shi, da dalilin da ya sa ake shafa masa kaki.

Yadda Fentin Mota Yake

A farkon ƙarni na 20 fentin mota kan ɗauki makonni kafin ya bushe. A motocin shekarar 1924 ne kamfanin General Motors na Amurka ya fara amfani da fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda ake fesawa ya bushe cikin sa'o'i kaɗan. Daga shekarun 1980 kuma tsarin da ake bi har yau ya bazu, watau jera fenti hawa-hawa.

Da farko akan wanke ƙarfen, a tsoma jikin motar gaba ɗaya cikin babban kwami, a saki wutar lantarki domin fentin hana tsatsa ya kama kowane lungu. A kansa sai shafen share fage, mai daidaita fuskar ƙarfe. Na uku shi ne launi. Na huɗu kuwa shafe ne garai-garai mara launi, kuma shi ne hannu ke taɓawa idan an shafa mota.

Ana auna kaurin fenti da maikron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Duka hawa huɗun nan yawanci tsakanin maikron 100 ne zuwa 150, kusan kaurin fallen takarda ɗaya. Shafen saman shi kaɗai maikron 40 ne zuwa 50, galibi bai kai kaurin silin gashin kai ba. Fatar mutum idan ta kuje tana warkewa, amma abin da ya goge daga wannan shafe ya tafi ke nan.

A jikinsa ne kuma sheƙi yake. Haske idan ya sauka a wuri mai sulɓi yakan dawo ta fuska ɗaya, kamar yadda yake yi a madubi. Idan wurin ya cika da ƙananan zane-zane sai hasken ya warwatse, ido ya ga fentin ya dushe.

Abubuwan da Ke Lalata Fenti

Na farko shi ne ƙura. A lokacin hunturu iska kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a da can gindin wani babban tafki ne. Ƙurar da ke sauka a ƙasar Hausa tana ɗauke da ƙwayoyin ma'adinin kwaz, wanda shi ne asalin yashi. A 1812 wani Bajamushe masanin ma'adinai, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10, inda mai babbar lamba ke iya kartar mai ƙaramar lamba. A wannan ma'auni farce yana wajen 2.5, gilashi wajen 5.5, kwaz yana 7, lu'ulu'u kuma 10. Fentin mota bai ko kusa da gilashi tauri ba. Ashe ke nan mai goge ƙurar safe da busasshen tsumma sanfefa yake gogawa a jikin motarsa, garin neman gira yana rasa ido. Zane-zanen nan masu kama da yanar gizo da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta, yawancinsu daga nan suke.

Na biyu shi ne rana. A cikin haskenta akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, mai suna altarabayolet. Fenti haɗi ne na dogayen sarƙoƙin sinadari da ake kira folima, shi kuwa wannan haske tsinka sarƙoƙin yake yi sannu a hankali. Masu yin fenti kan zuba sinadaran da ke shanye shi a cikin shafen sama, don haka duk lokacin da shafen ya ragu, kariyar ma ta ragu. Daga ƙarshe sai ya fara ɓarewa, musamman a rufin mota da murfin inji.

Na uku shi ne kashin tsuntsu da na jemage, da danƙon itace. Kashin tsuntsu yana ɗauke da asid, idan ya bushe a kan fenti mai zafi yakan bar tabo. Man birki ma yana cin fenti, dole a wanke shi da ruwa nan take. Na huɗu kuma ruwan rijiya ko na burtsatse, wanda sau da yawa yake ɗauke da gishirin kalsiyam da magniziyam. Idan ya bushe a jikin mota, ruwan ya tafi ya bar gishirin, shi ne fararen ɗige-ɗigen da ake gani.

Wanki

Manufar wanki ita ce a ɗauke ƙwayoyin yashi ba tare da an ja su a kan fenti ba. Ga ƙa'idojinsa:

1. A wanke mota a inuwa, bayan jikinta ya huce.
2. A fara kwarara ruwa daga sama zuwa ƙasa kafin hannu ya taɓa ta.
3. A yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, domin yashin da soso ya kwaso ya kwanta a na biyun.
4. A bar tayoyi da gindin mota sai ƙarshe, kuma a ware masu nasu soson.
5. A ɗauraye, sa'an nan a tsane da tawul mai laushi kafin ruwan ya bushe da kansa.

Sabulun gari na wankin tufafi bai dace da wannan aiki ba. Yawancinsa yana ɗauke da sodiyam kabonet, sinadarin da ke cikin kanwa, kuma an yi shi ne domin ya cire maiƙo, don haka yakan tafi da kakin da aka shafa. Sabulun ruwa na wankin mota ya fi shi sauƙi a kan fenti.

Kaki da Aikinsa

Ƙwayoyin ruwa suna jan junansu da ƙarfi. A kan gilashi mai tsabta ruwa yakan baje, domin gilashin ma yana jan sa. Kaki kuwa dangin mai ne, ba ya jan ruwa sosai, sai ɗigon ya dunƙule kamar dutsen ado ya gangara. Haka ake gani a ganyen gwaza, wanda Allah ya lulluɓe da nasa kakin. A jikin mota kaki yana cike ƙananan zane-zane har sheƙi ya dawo, yana rage manne wa datti, kuma shi ke fara karɓar kashin tsuntsu da gishirin ruwa kafin su kai ga fenti.

Amma ba kowane kaki ke yi ba. Baƙar mota da ke tsaye a ranar bazara jikinta kan haura digiri 70 a ma'aunin Salsiyas. Kakin zuma yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, don haka zai yi danƙo ya kama ƙura. Wanda aka fi amfani da shi shi ne kakin karnoba, mai narkewa a digiri 82 zuwa 86. Ana samun sa daga ganyen wata bishiya dangin giginya da goruba da ke arewa maso gabashin Brazil. Akan sare ganyen, a shanya, a kakkaɓe garin da ke jikinsa, a narka a tace. Saboda taurinsa sai an haɗa shi da wasu mayuka kafin ya shafu.

Ana shafa kaki ne bayan mota ta wanku ta bushe, a inuwa, kaɗan-kaɗan. Idan ya yi hazo-hazo sai a goge da ƙyalle mai tsabta. Yakan yi makonni zuwa 'yan watanni, kuma alamar ƙarewarsa ita ce ruwa ya daina dunƙulewa. Akwai kuma shafe na zamani da ake haɗawa da sinadarin silika, wanda ya fi kaki daɗewa, sai dai shi ma bai hana yashi kartar mota ba.

Wajibi ne a bambanta kaki da man gogewa mai cire zane, ko da yake akan kira su duka folish. Kaki ƙari yake yi a kan fenti. Man cire zane kuwa yana ɗauke da gari mai kaifi, yana kankare saman shafen ne har ya daidaita da gindin zanen. Kowace gogewa tana rage kaurin da ba ya dawowa, don haka sai da larura ake yin ta.

Gwaji a Aji

A samo gilasai biyu masu tsabta, a goga wa ɗaya kyandir. A ɗiga ruwa a kan kowanne, ɗalibai su zana siffar ɗigon ta gefe. Sa'an nan a taɓa ɗigon da ke kan kyandir da tsinken da aka tsoma a ruwan sabulu, a rubuta abin da ya faru.

A samo tsofaffin faifan CD biyu, a barbaɗa masu ƙura. A goge ɗaya da busasshen tsumma, ɗayan kuma a ɗauraye shi da ruwa kafin a goge. A ɗaga su a rana a kwatanta.

Tambayoyi

1. Me ya sa kwaz ke kartar gilashi, amma farce ba ya kartar sa?
2. Idan kaurin shafen sama maikron 45 ne, kuma kowace gogewa tana cire maikron 3, kashi nawa cikin ɗari zai rage bayan gogewa biyar?
3. Wane amfani kaki ke yi wa bishiyar karnoba a ƙasa mai ƙarancin ruwa?