Kafin Ki Sa Hannu a Takardar Harajin Maigida

Daga ƙarshen Janairu har zuwa 15 ga Afrilu, ƙaramin ofishina a unguwar Bronx ta birnin New York ba ya rabo da jama'a: direbobin tasi, masu kitso, 'yan Zango daga Kumasi, mutanen Damagaram da na Kano. Aikina cike musu takardun harajin kuɗin shiga. Idan ma'aurata suka zauna nakan tambaye su, a haɗe za ku cike ko kowa tasa? Kusan kullum maigida ke amsawa, uwargida na gefe tana jiran a nuna mata wurin sa hannu.

Gaskiya haɗawa ta fi sauƙi ga yawancin gidaje. A harajin 2024, ma'auratan da suka haɗa an yafe musu haraji a kan dala 29,200 na farko, wanda ya ware kuwa dala 14,600. In matar ba ta aiki, rabonta mijin ke mora. Masu warewa kuma galibi sukan rasa rangwamen masu ƙaramin albashi da na kuɗin karatun jami'a.

Sai dai akwai abin da ba a faɗa wa mata. A al'adarmu da addininmu, dukiyar mace tata ce, bashin miji nasa ne. Hukumar haraji ta Amurka, wato IRS, ba ruwanta da wannan. Muddin kin sa hannu a takarda ɗaya da shi, duk harajin da ke ciki, da tara da kuɗin ruwa, ana iya bin ki shi gaba ɗaya, ko da aure ya mutu.

Wata baiwar Allah ta taɓa shigo mini da wasiƙar hukumar, ta nannaɗe ta a leda, goyo a bayanta. Shekara biyu ke nan da rabuwarta da mijinta. Tsohon mijin direba ne, ya ɓoye wani kaso na abin da yake samu. Ta ce, “Malam, wallahi ban taɓa sanin cinikinsa ba. Cewa ya yi in sa hannu, na sa.” Na cike mata fom 8857, na neman a wanke wanda bai da masaniya. Amma abin yana ɗaukar watanni, dole a sanar da tsohon mijin, kuma ba kowa ake wankewa ba. Har yau wannan wasiƙa tana damuna.

Ku san wannan ma: wanda ya ware yana da shekara 3 ya dawo ya haɗa, amma wanda ya haɗa, da zarar wa'adin Afrilu ya wuce, ba damar warewa.

Ku kuma maza da iyalinku ke can ƙasarku, kada ku rubuta cewa ba ku da aure. Ranar da za ku nemo wa matar biza, takardar harajin nan na cikin abin da za a duba.

Don Allah 'yar'uwa, kafin ki ɗauki biro, ki ce a lissafa muku ta hanyoyin biyu, a karanta miki adadin da aka rubuta. Kai kuma maigida, ka bar ta ta tambaya, haƙƙinta ne.