Magarya da Yadda Ake Renonta

Ko wane yaro na ƙasar Daura ya san magarya. Tana nan a bakin gonaki da gefen burtali, tun daga Mai'aduwa har Zango da Ɓaure. A ƙetaren iyaka ma, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai gari sukutum da ake kira Magarya. Ita da kurna dangi ne. Amma kada ku ɗauke ta ɗaya da magaryar kura, wadda 'ya'yanta ba su da daɗin ci.

Amfanin magarya yana da yawa. Da kaka zuwa lokacin ɗari 'ya'yanta suke nuna, a ci su ɗanyu, ko a shanya a daka a yi gari. Suna ɗauke da bitamin C mai ƙara wa jiki lafiya. Awaki da raƙuma suna cin ganyenta, ana shinge da ƙayarta, ana kuma sa ganyen cikin ruwan wankan gawa. Saiwarta tana nitsewa ƙasa ƙwarai, don haka tana jure fari a jigawa irin tamu, inda damina ba ta wuce wata huɗu. Tana kuma riƙe ƙasa kada iska ta kwashe ta.

Duk da haka, mutane kaɗan ne ke shuka ta. Sukan ce itacen daji ne, ba ya bukatar reno. To, ku ji abin da ya faru a Amurka. A can akwai wani ɗan itace mai ƙananan 'ya'ya shuɗɗa, ana ce da shi bulubari. Da can a daji kaɗai ake tsinkarsa. Sai wata mata, Elizabeth White, da wani masanin tsirrai, Frederick Coville, suka riƙa zaɓen waɗanda suka fi manyan 'ya'ya suna renonsu a gona. A shekarar 1916 suka fara sayar da amfaninsu. Yau ana noma shi a ƙasashe da dama. Shi bulubari ƙasa mai tsami yake so, da sanyi mai tsanani, ba zai yi a Daura ba. Mu tamu magarya ce, ita ma in an rene ta sai ta biya wahala.

Ga yadda ake yi. Da fari a zaɓi nunannun 'ya'ya daga itacen da ya fi zaƙi. A cire naman, a zuba ƙwallayen cikin ruwan gishiri. Waɗanda suka taso sama a zubar, gama ba su da kirki. Sauran a shanya su, sa'an nan a fasa a hankali da ɗan dutse, a fitar da ƙwayar da ke ciki. In an shuka ƙwallon ba a fasa ba, yakan daɗe bai tsiro ba.

Da bazara a cika 'yar leda da ƙasa gauraye da ruɓaɓɓen taki, a huda ƙarƙashinta, a shuka ƙwayar, a riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Idan damina ta zauna, wajen watan Yuli, sai dashe. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a bar ƙafa 20 tsakanin rami da rami. A yanke ledar, kada a fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa. Nan da nan a kewaye dashen da ƙaya, domin akuya ba ta jiran ya girma.

Akwai kuma aure, irin wanda ake yi wa mangwaro. A ƙasar Indiya akwai magarya mai manyan 'ya'ya, kamar irin da ake kira Gola. Masana a tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun yaɗa dabarar ɗaura reshenta a kan magaryarmu. Saiwar tamu ce, mai jure fari, 'ya'yan kuwa na baƙuwar ne. A can suna kiranta tuffar Sahel.

Abu na ƙarshe shi ne sassabe. Magarya a jikin sababbin rassa take yin 'ya'ya. Saboda haka ko wace shekara, bayan an gama tsinka, lokacin zafi da ta kaɗe ganye, a rage tsofaffin rassa da wuƙa mai kaifi. Tun tana ƙarama a bar mata gindi ɗaya miƙaƙƙe, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Ya'yan da suka faɗo da tsutsa kuwa a tattara a binne su da zurfi, don kada ƙudan da ke haifar da ita ya yaɗu.

Yara, hamada tana matsowa, itatuwa suna raguwa. In kowannenku ya reni magarya ɗaya a lambun makaranta, kafin ku gama karatu ƙannenku sun fara cin 'ya'yanta.

Tambayoyi

1. Faɗi amfani huɗu na magarya.
2. Don me ake fasa ƙwallon kafin a shuka?
3. Me ya sa ake yi wa magarya sassabe ko wace shekara?