Wace Marubuciya Daga Arewacin Kamaru Ta Ci Babbar Kyauta?

Wani mai sauraronmu daga Garwa ya aiko yana cewa: kowace shekara yana jin ana karrama mawaƙa da marubuta a Duwala da Yawunde, shin akwai ɗan arewacin Kamaru da ya taɓa cin babbar kyauta?

Malam, mun gode. Akwai, kuma mace ce: Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa a 1975. A 2019 littafinta Munyal ya ci gasar Prix Orange ta marubutan Afirka, a karon farko da aka fara ba da ita, aka miƙa mata kyautar a Yawunde. Ta sake gyara littafin, ya fito a Faransa da sunan Les Impatientes, ya ci Goncourt des Lycéens a 2020. Wannan kyauta, ɗaliban sakandare ne ke karanta littattafan su zaɓi gwani.

Abin burgewa, labarin namu ne na gida. Mata uku, Ramla da Hindu da Safira: auren dole, zaman kishi, dukan miji, da haƙurin da iyaye ke ɗora wa 'ya mace har ya kusa karya ta.

Ta fannin waƙa kuwa, Canal 2'Or ne babban bikin. Gaskiya masu rubutu da Hausa da Fulatanci sun cancanci nasu bikin a Garwa. Kafin nan, matan Garwa masu alƙalami, gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, tana jiran labaranku.