Jarumin bakin tabki

Mu karanta

Ran Litinin da safe, Malam Isufu ya shiga aji na huɗu. Ya rubuta kalma guda a allo: JARUMI. Sa'an nan ya juyo ya ce: «Wa zai faɗa mini sunan jarumi ɗaya?»

Sani ya ɗaga hannu ya ce: «Malam, Sarauniya Mangu ta Lugu! Ta yi yaƙi da sojan Faransa a shekarar 1899.»

Habu ya ce: «Malam, sarkin kokowa, wanda ya ɗauki takobi!»

Malam ya ce: «Madalla. To, a garin nan namu fa?»

Aji ya yi tsit. Can sai Rabi ta ce: «Malam, garinmu ƙarami ne, ba mu da jarumi.»

Malam ya yi murmushi, ya leƙa waje. Wani dattijo ya yi sallama, ya shigo yana ɗan ɗingishi. Kowa ya san shi. Baba Mamman ne, mai tufkar igiya a gindin tsamiya. Yara suka tashi suka gaishe shi, amma suna mamaki.

Baba Mamman ya zauna, ya naɗe ƙafar wandonsa. Ga tabo uku a ƙwaurinsa. Ya ce: «Jikokina, wannan tabon kurkunu ne. Wa ya taɓa ganin kurkunu a cikinku?» Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya ce: «Alhamdu lillahi. Abin da muka yi wa aiki ke nan.»

Kurkunu wata tsutsa ce fara, siririya kamar zare. Tsawonta yakan kai mita guda. Ƙwayoyinta suna ɓuya cikin wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari na ruwan tabki. In mutum ya sha ruwan, tsutsar tana girma a jikinsa wajen shekara ɗaya, bai sani ba. Daga nan sai ƙurji ya fito, galibi a ƙafa, yana zafi kamar wuta. Mai ciwo yakan tsoma ƙafarsa a tabki don ya ji sanyi. Nan take tsutsar ta zuba dubban ƴaƴanta cikin ruwa, gari duka ya zo ya sha.

Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. Sai dai a riƙa naɗe shi a ɗan tsinke, kullum kaɗan-kaɗan, har makonni. In aka yi gaggawa ya tsinke, ƙafa ta kumbura, ciwo ya ƙaru.

Baba Mamman ya ce: «Mugun abu, da damina yake fitowa, lokacin noma. Wata shekara ya kwantar da ni, da babana, da wana. Ciyawa ta cinye gonarmu. Rumbunmu bai cika ko rabi ba. Kafin bazara mun sayar da awakinmu duka don mu sayi hatsi.»

A shekarar 1991 ma'aikatan lafiya suka bi garuruwan Nijar suna ƙirga masu kurkunu. Suka sami mutum fiye da 30.000. Ƙasar Damagaram tana cikin wuraren da ya fi yawa. Sai aka nemi kowane gari mai ciwon ya ba da mutum guda, a koya masa aiki. Aiki ne na sa kai, babu albashi. A garinsu, Baba Mamman aka zaɓa, lokacin yana saurayi.

Kullum yakan bi gida-gida. Yana raba wa mata ƙyallen tace ruwa, yana nuna musu yadda ake ɗaura shi a bakin tulu. Yana wanke gyambon masu ciwo, ya ɗaure da bandeji mai tsabta. Duk wanda kurkunu ya fito wa, sai ya ja layi ɗaya a littafinsa, ƙarshen wata ya kai wa malamin asibiti. Da sassafe kuma yana tsaye a bakin tabki. In mai ciwo ya zo ɗiban ruwa, sai ya ce: «Tsaya nan, kawo tulun in ɗebo maka.»

Rabi ta ce: «Baba, mutane sun yarda da kai?»

Ya yi dariya ya ce: «Ina fa, ƴata! Wasu suka ce kurkunu a jini yake. Wasu suka ce jifa ne. Har suna suka sa mini, wai Sarkin Tsumma. Rannan na ɗebo ruwan tabki a kwalba, na ɗaga ta a rana gaban mai gari da dattawa. Suka ga ƴan ƙwarin suna tsalle a ciki. Na tace ruwan da ƙyalle, na sake ɗagawa, babu ko ɗaya. Tun daga ranar mai gari ya sa aka yi shela: kada kowa ya sha ruwan da ba a tace ba.»

Akwai irin Baba Mamman masu yawa a garuruwan Nijar, maza da mata. An kuma haƙa rijiyoyi, an kafa famfuna. Shekara bisa shekara ciwon yana raguwa. A shekarar 2008 aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu da kurkunu a cikin ƙasar. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta tabbatar Nijar ta rabu da shi. Amma har yanzu akan same shi jefi-jefi a ƙasar Cadi, saboda haka ba a daina lura ba.

Malam Isufu ya nuna allo ya ce: «To, Rabi, garinmu yana da jarumi?»

Ta ce: «I, Malam. Kuma ungozoma ma jaruma ce, ita da take fita tsakar dare.»

Habu ya ce: «Da mahaƙin rijiya!» Sani ya ce: «Da masu kashe gobarar daji!»

Malam ya rubuta su duka a ƙarƙashin kalmar. Da Baba Mamman ya tashi tafiya, yara suka raka shi har bakin ƙofar makaranta.

Mu riƙe

Jarumi shi ne mai ɗaukar wahala don ya tsare jama'a daga cuta ko hasara. Ruwan tabki, a tace shi ko a tafasa shi kafin a sha.

Kalmomi da Faransanci

kurkunu: le ver de Guinée
tabki: la mare
tabo: la cicatrice
ungozoma: la matrone
mahaƙin rijiya: le puisatier

Tambayoyi

1. Ta wace hanya kurkunu yake shiga jikin mutum?
2. Don me rumbun su Baba Mamman bai cika ba?
3. Me ya sa yake hana masu ciwo shiga tabki?
4. Yaya ya yi har dattawa suka yarda da maganarsa?
5. Shekara nawa ne daga 1991 zuwa 2013?

Aiki

Ku tambayi kakanninku ko sun taɓa ganin kurkunu. Ku zaɓi mutum ɗaya mai taimakon jama'a a garinku ko unguwarku, ku rubuta jimla biyar a kan aikinsa.