Filin Lafiya: Komawa Fili Bayan Aikin Tsokar Bayan Cinya

Wasannin gidaje sun ƙarato, kuma muna ganin yadda masu gudun mita 100 da 'yan ƙwallo suka duƙufa atisaye da yamma. Shi ya sa wannan makon muka ɗauko darasi kan raunin da ya fi addabar masu gudu.

A bayan cinyar kowannenmu akwai tsoka guda 3. Daga sama suna manne da ƙashin da muke zama a kansa, su sauko har ƙasan gwiwa. Su ke lanƙwasa gwiwa, su kuma ja ƙafa baya idan muna gudu. Yawanci ɗan yagewa suke yi, wanda hutu da motsa jiki ke warkarwa. Amma idan jijiyar ta tsinke daga ƙashi, sau da yawa sai likita ya yi aiki ya ɗinke ta.

Masu bin Barcelona za su tuna Ousmane Dembélé. A Satumbar 2017 jijiyar cinyarsa ta hagu ta tsinke a wasa da Getafe, aka yi masa aiki a ƙasar Finland. Ya dawo a Janairun 2018, amma kafin watan ya ƙare cinyar ta sake kwantar da shi. A Fabrairun 2020 ta dama ma ta tsinke, aka sake yi masa aiki. Duk da haka, shi ya ɗauki Ballon d'Or a 2025.

Ga matakan da akan bi bayan aiki:

1. Kare ɗinki. Kimanin makonni 6 na farko da sanduna ake tafiya. Ba a miƙar da tsokar, ba a sunkuyawa ɗaukar kaya.

2. Koyon tafiya. Ana ɗora nauyi a ƙafar kaɗan-kaɗan, da gajeren taku, diddige ya fara taɓa ƙasa sannan yatsu. Ba a ajiye sanda sai ɗingishi ya tafi.

3. Gina ƙarfi. Tsokar da ta daɗe ba ta aiki ramewa take yi. Likitan fisiyo kan sa mutum ya kwanta rigingine yana ɗaga ƙugu, ya tuƙa keken motsa jiki, daga baya a ƙara masa nauyi.

4. Gudu. Ana farawa da sassarfa. Komawa wasa kan ɗauki wata 6 ko fiye, kuma sai ƙarfin ƙafar ya kusa daidai da na 'yar'uwarta.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ranar da zafi ya ɗauke. Mutum sai ya ɗauka ya warke, alhali jijiyar ba ta gama kama ƙashi ba. Wasa ɗaya na iya mayar da shi gadon asibiti. Wannan kuma ba karaya ba ce, don haka kada a kai wa mai ɗori. Idan sha-raba ta kumbura, ko wurin ɗinkin ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti nan take.

Mu kuma da muke lafiya, mu riƙa ɗumama jiki kafin gudu. Idan ɗan ajinmu ya dawo da sanduna, mu riƙe masa jaka, kada mu zuga shi ya shiga fili don gidanmu ya ci kofi. Kofin yana nan baɗi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.