Tsohon dish ɗinka zai iya jin Rana

Wanda ke sha'awar nazarin sararin samaniya ta hanyar rediyo, shawarata ita ce kada ya fara da kashe kuɗi. Grote Reber, wanda ya buɗe wannan fage ga 'yan sa-kai, a bayan gidansu da ke jihar Ilinoi ta Amurka ya ƙera farantinsa mai faɗin mita 9 a 1937, shekaru kaɗan bayan Karl Jansky ya gano cewa sararin sama na aiko da igiyoyin rediyo.

Kai naka ya fi sauƙi. Nemi tsohon dish na kallon satalayit da LNB ɗinsa (na'urar da ke gaban farantin tana karɓar sigina), da 'yar mitar nan mai allura da ƙara wadda masu ɗaura dish ke neman sigina da ita, sai risiba da za ta ba su wuta. Juya farantin zuwa wajen da babu komai a sama, ka murɗa mitar har allurar ta kwanta ƙasa-ƙasa. Sannan ka karkato shi a hankali zuwa Rana. Allurar za ta tashi. Ka sa tafin hannunka gaban LNB ɗin, za ta sake motsi, domin jikinka ma na fitar da irin wannan igiya saboda ɗuminsa.

Gwajin da ya fi armashi shi ne ka saita farantin ɗan yamma da Rana, ka ƙyale shi. Rana na tafiyar digiri ɗaya a duk minti huɗu, don haka za ka ga allura ta hau ta sauko da kanta. Rubuta lokaci da adadin a littafi, wannan rubutun shi ne ainihin aikin. In siginar ta tsaya wuri guda ba ta gusawa, satalayit ka kama. Hazon hunturu ba ya hana wannan gwaji, amma kada ka kalli Rana da idonka, kuma kada ka liƙa wa farantin abu mai ƙyalli, zai narkar da LNB.

In hannu ya faɗa, sai ka sayi 'yar na'urar kama rediyo mai suna RTL-SDR da ake maƙalawa a kwamfuta, ka nemi siginar iskar haidurojin a megahaz 1420. A nan sai da wata eriya daban da na'urar ƙara ƙarfin sigina, kuma ka nisanci inbata da cajar waya, domin suna dagula sigina. Amma fara da Rana tukuna, ko a wannan Asabar ɗin.