Darasin Ingilishi: Kalmomi Masu Wutsiya Iri Ɗaya

Yekuwa tana cikin gundumar Magarya, a jihar Damagaram, kusa da iyakar Nijeriya. Mutanen Yekuwa, da na Magarya, da na Dungas, ba baƙi ba ne a kasuwannin ƙetaren iyaka. Suna kai wake da riɗi da bisashe. Suna sayo taki da magani da tufafi.

Da Hausa ake ciniki a can. Amma takarda da Ingilishi ake rubuta ta, don shi ne harshen gwamnati a Nijeriya. A Nijar ma, dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. Saboda haka wanda ya iya karatun Hausa, yana da kyau ya ƙara da ƴan kalmomin Ingilishi.

Dabarar darasin

Dabarar mai sauƙi ce. Da farko a dubi wutsiyar kalma, watau haruffan ƙarshe. Sa'an nan a ƙirga haruffanta duka. Wutsiya tana nuna dangin kalma. Yawan haruffa kuma yana taimakon mai karatu ya raba kalmomin da suka yi kama da juna.

Dangi na 1: masu ƙarewa da teen

Ana faɗin wannan wutsiya "tin", a ja ta. Ma'anarta goma sha. Dangin ya tashi daga 13 zuwa 19.

Masu harafi 7
fifteen: 15, goma sha biyar
sixteen: 16, goma sha shida

Masu harafi 8
thirteen: 13, goma sha uku
fourteen: 14, goma sha huɗu
eighteen: 18, goma sha takwas
nineteen: 19, goma sha tara

Mai harafi 9
seventeen: 17, goma sha bakwai

Dangi na 2: masu ƙarewa da ty

Ana faɗin wannan wutsiya "ti", ba a ja ta. Tana nuna gomiya-gomiya, daga 20 zuwa 90.

Masu harafi 5
forty: 40, arba'in
fifty: 50, hamsin
sixty: 60, sittin

Masu harafi 6
twenty: 20, ashirin
thirty: 30, talatin
eighty: 80, tamanin
ninety: 90, casa'in

Mai harafi 7
seventy: 70, saba'in

A nan akwai abin mamaki. Kalmar da ta fi tsawo ita ce ƙaramar lamba. Gajeruwar ita ce babba. Fifteen harafi 7 ce, amma 15 take nufi. Fifty harafi 5 ce, amma 50 take nufi.

Ga misali. Manomi ya ranci naira dubu 15 wurin ɗan kasuwa. Aka rubuta takarda. A maimakon fifteen, sai mai rubutu ya sa fifty. Manomi ya dangwala hannu bai duba ba. Ran biya, takarda ta ce dubu 50 ake binsa. Dubu 35 sun hau kansa, bai ci ba, bai sha ba. Da ya dubi wutsiyar kalma, da ya tsai da magana tun a wurin. Rashin sani ya fi dare duhu.

A kuma lura da abu biyu. Fourteen tana da harafin u, forty ba ta da shi. Haruffan v da x babu su cikin abacadar Hausa, amma ga v cikin seventy, ga x cikin sixty. Sai a koyi zana su a allo.

Dangi na 3: masu ƙarewa da day

Ana faɗin wannan wutsiya "de". Ma'anarta rana. Duk ranakun mako 7 da ita suke ƙarewa.

Masu harafi 6
Sunday: Lahadi
Monday: Litinin
Friday: Jumma'a

Mai harafi 7
Tuesday: Talata

Masu harafi 8
Thursday: Alhamis
Saturday: Asabar

Mai harafi 9
Wednesday: Laraba

Biyu daga cikinsu suna ruɗa sabon mai karatu. Su ne Tuesday da Thursday. Dukansu da T suke farawa. A nan ƙirga haruffa take amfani. Mai 7 Talata ce. Mai 8 Alhamis ce, ranar da babbar kasuwar bisashe ta Maigatari take ci. Mai rago da ya ruɗe, sai ya isa kwana 2 kafin kasuwa, ya yi ta sayen ciyawa. Haka ma matar da likita ya rubuta wa ranar komawa da ɗanta asibiti. In ta gane ranar, ba ta ɓata kuɗin mota a banza.

Aikin yi a cibiya

1. Kowa ya rubuta dangi na 1 da na 2 a allonsa, gefe da gefe.
2. Malami ya faɗi lamba da Hausa, ɗalibi ya nuna ta da Ingilishi.
3. Wace ce ta fi yawa, sixteen ko sixty? Nawa ne tsakaninsu?
4. Kowa ya rubuta ranar da kasuwar garinsu take ci da Ingilishi.

Kalmomin darasin duka 22 ne. Mai koyon 2 kowace rana, cikin kwana 11 ya gama. Wanda aka ba takarda kada ya yi gaggawar sa hannu. Ya karanta tukuna, ya dubi wutsiya, ya ƙirga haruffa. In ya yi shakka, ya roƙi a rubuta masa kuɗin da lamba kusa da kalma. Tambaya ba abin kunya ba ce. Sannu sannu ba ta hana zuwa.